Ruwa Ya Yi Gyara

Ku matso ku ji abin da ya sami Nomau ɗan lambu, mutumin da ladabin bakinsa ya kusa cinye masa mata.

A can wani zamani, a ƙauyen da ake kira Tungar Gawo, babu wanda ya kai Nomau iya albasa. Irin da yake shukawa gadon kakansa ne, ja ce mai ƙaton kai, idan aka yanka ta a gidansa sai maƙwabta su yi hawaye. To, sai fari ya sauka. Damina ta zo ta wuce ba ta jiƙa ko bayan akuya ba, fadama ta tsage, rijiyar lambunsa ta ƙafe ƙaf. Kullum da safe sai ya ɗauki dagi ya shiga rijiyar yana ƙara mata zurfi, matarsa Tsahara tana sama tana jan ƙasa da guga tana mita.

Wata safiya ya kai sara ke nan, sai ƙasan rijiyar ya rufta. Da ya leƙa, ga kogi yana gudu a ƙarƙashin ƙasa, ga wani ƙaton kifi irin tarwaɗa kwance a ciki, tsawonsa ya fi na katangar gida. Kifin ya ɗago kai, gashin bakinsa yana ɗigar da yauƙi.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wa ya ba ka izinin huda mini rufin ɗaki?"

Nomau ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙishirwa ce ta ba ni. Ruwa nake nema in yi lambu."

"Ni ne Sarkin Fito na kogin ƙarƙashin ƙasa. Wannan ruwan ba na sha ba ne, na tafiya ne. Amma akwai wani tsibiri a tsakiyar teku inda ba a san rani ba, ƙasa kuma kyauta ce ga mai son noma. In kana so, ka sauko da matarka da irinka in kai ku."

Ita Tsahara mace ce mai ƙyanƙyami, wadda idan ƙuda ya faɗa mata a fura sai ta zubar da furar ta kuma wanke ƙwaryar da toka. Da ta leƙo ta ga abin da za ta hau, sai ta ce a kai kasuwa. Nomau ya yi ta lallashi, ya rantse mata cewa noma ɗaya za su yi, da zarar ruwa ya dawo Tungar Gawo sai gida. Rumbu kuwa babu ko tsaba. Ta yi tsaki, ta ɗaura kayanta, shi kuma ya rataya ɗan goran da yake adana irin albasarsa, suka sauka.

Wai! Bayan kifin nan santsi ne zalla. Suna zama yauƙi ya haɗiye su har ƙugu, ga ƙarni mai juya hanji. Tsahara ta ɗauko gefen zane za ta goge hannu, sai Sarkin Fito ya daka mata tsawa.

"Kada ki goge, 'yar Adam! Yauƙin nan shi ne numfashinku a ƙarƙashin ruwa. Ku shafa shi a fuska, har cikin hanci."

Suka shafa. Tsahara ta yi amai, ta sake shafawa.

Ba su yi nisa ba suka iso wani matsattsen kogo wanda rufinsa yake motsi. Nomau ya ɗauka jijiyoyin itace ne suke reto, ashe matsattsaku ne, baƙaƙe, kowanne ya kai kaurin taɓarya. Babban cikinsu ya sauko har saitin fuskarsa.

Ya ce, "Ba a wuce mashiginmu sai an shayar da mu. Wanne ne a cikinku zai miƙo hannu?"

Nomau ya dubi matarsa, ya ga idonta ya juye, sai ya miƙa hannuwansa biyu, ya ce ɗaya nasa ɗaya nata. Suka lafe masa suna tsotsa, yana jin sanyin bakinsu har cikin ƙashi. Da suka kumbura suka saki, suka yi gyatsa, suka ce jinin mutanen tudu ya cika yaji.

Daga nan suka ɓullo teku. Wani wuri ruwan kore ne shar da ruɓaɓɓiyar ciyawa, wani wuri kifaye ne masu fuskar tsofaffi suna binsu suna tambayar labarin rana. A bakin gaɓa kuma suka tarar da mai gadin tsibirin, wani kwaɗo mai girman rumbu, jikinsa duk ƙuraje. Aikinsa ya lashi duk baƙon da ya sauka don ƙasa ta san ɗanɗanonsa. Ya lashe Nomau daga tafin ƙafa har tsakar ka. Da ya juyo kan Tsahara sai ta ce, "Maigida, wallahi ko a lahira sai na tuna maka wannan." Ta runtse ido aka lashe ta.

Aka kai su gaban Magajiyar Tsibiri. Tana zaune a cikin kogon wani ruɓaɓɓen kututture, laimar kwaɗi ta tsiro mata a kafaɗu, katantanwa suna zagaya wuyanta a madadin duwatsun ado. Idan ta buɗe baki sai warin jiƙon rogo ya cika wurin. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa yana numfashi ta baki.

Ta ce, "Ya kai baƙo, na ba ka fili daga bakin rafi har gindin kwakwar can. Amma ka ji sharaɗin ƙasata. Duk wanda ya zo, sai ya shuka irin da ya zo da shi, ya tsiro, ya ci daga cikinsa shi da iyalinsa. Idan ya yi haka, ya zama mai gida, ya shiga ya fita yadda yake so. Idan ya kasa, ƙasa za ta shuka shi."

"Ranki ya daɗe, ta shuka shi kamar yaya?"

Ta nuna masa wasu itatuwa a jere a bayanta. Da ya ƙura ido sai ya ga kowanne yana da fuska. Gansakuka ta rufe su, tsutsotsi suna shiga ta kunne suna fita ta hanci, idanunsu kuwa a buɗe suna kallonsa.

Magajiya ta ce, "Daga mai raunin jiki take farawa."

Nomau ya taɓa goransa, ya ce a ransa, ni da na tsirar da albasa a ƙasar da tsakuwa take fashewa don zafi, ina ga nan? Ya amsa sharaɗi.

Zaman tsibirin nan, Allah ya raba mu da irinsa. Gidajensu a kan sanduna suke, ƙarƙashinsu caɓi ne da kwaɗi. Ka shanya riga yau, gobe ka tarar ta yi fumfuna. Gishirin Tsahara ya narke a cikin tukunya, garin da ta zo da shi ya dunƙule ya yi gashi, tabarmarsu ta tsiro. In ka cire takalmi ka ajiye, kafin ka juyo wani abu mai ƙafafu da yawa ya tare a ciki. Wuta sai an yi ta fifita kafin ta kama, in ta kama kuma hayaƙi ne kawai mai sa hawaye.

Mutanen wurin ba su da laifi wajen kirki. Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce, Iya Gundi, mai gonar gwaza da ayaba. Ranar da suka sauka ta kawo musu abincin baƙi a ganye. Tsahara ta buɗe ta ga gwazarma ce, manya-manya farare da aka tono daga ruɓaɓɓen icen kwakwa, wasu ma ba su gama mutuwa ba. Tsohuwar ta ɗauki ɗaya ta cije, abin ya fashe mata a baki, ta lumshe ido don daɗi.

Ta ce, "Ci mana, 'yar nan. Maiƙo ne da ita."

Tsahara ta ce, "Na gode, Iya, azumi nake yi." Tun daga ranar ba ta fasa azumi ba in dai Iya Gundi ce ta shigo.

Kada ku ce mutanen tsibirin kaɗai ne abin ƙyama. Ranar da Tsahara ta jefa daddawa a miya, unguwar duka ta watse, aka zo ana tambaya ko wani ne ya mutu a ɗakin.

Nomau bai tsaya kallon wannan ba. Ya sare ciyawa, ya ja fangali, ya yayyafa iri. Washegari da sassafe yana tsugune a bakin fangalin, sai ya ji ɗigar ruwa a ƙeya. Ya ɗaga kai ya ga wani dogon aljani tsaye a kansa, fari fat, fatarsa ta yamushe kamar ta wanda ya wuni a rafi, ruwa yana zuba daga hancinsa da gemunsa. Sanda ce a kafaɗarsa, a bayansa kuma gizagizai ne suke biye da shi suna turereniya, wani baƙi, wani toka-toka, wani ɗan ƙarami yana tsalle.

Ya ce, "Ya kai baƙo, ni ne Makiyayin Hadari. Ni aka damƙa wa kiwon gizagizan tsibirin nan. Yaya ruwa?"

To, kun dai san mu. Wane ɗan halak ne za a tambaye shi yaya ruwa ya tsaya tunani? Ko ɗakinsa ne ya rushe a kansa, amsar guda ce. Balle Nomau, wanda ya fita roƙon ruwa da jama'a har goshinsa ya yi kanta.

Ya ce, "Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe."

Aljanin ya yi turus.

"Me ka ce, ɗan Adam?"

"Na ce ruwa ya yi gyara."

Makiyayin ya juya ya kaɗa sanda, wani baƙin girgije ya matso ya tsaya daidai kan lambun Nomau, ya saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin hantsi irin da ya yayyafa yana yawo a rafi.

Haka aka yi ta yi. Kullum da safe aljanin zai zo ya yi tambaya, Nomau ya ba shi amsar da uwarsa ta koya masa, ruwa ya ƙaru. Ya ɗaga fangali ya yi tudu, ruwa ya share tudun. Ya haƙa magudana, magudanar ta zama kogi har da kifi. Ɗan abin da ya tsiro ya yi rawaya ya kwanta, in ya tumɓuke sai ya ji saiwar ta narke a hannunsa tana wari, tsutsa ta nannaɗe a jikinta. Ya kafa rumfar ganyen ayaba a kan sabon fangali, ya ce yau kam na yi maganin abin. Da safe sai ya tarar makiyayin ya durƙusa yana tura ɗan ƙaramin girgijen nan ƙarƙashin rumfar, yana cewa, "Shiga, shiga, kada shukar abokina ta rasa rabonta."

Nomau ya ciji yatsa. Aka tambaye shi yaya ruwa, ya ce ya yi gyara.

Ana nan sai Tsahara ta fara ƙorafin ƙaiƙayi a tsakanin yatsun ƙafa. Suka ɗauka cin ruwa ne. Ta dirje da toka, ta dirje da yashi, wurin ya yi kore. Koren ya hau idon sawu, ya hau ƙwauri. Wata safiya ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsintar tsutsa daga cikin gari, da ta zo tashi sai ta kasa. Nomau ya ɗaga ƙafarta ya ga wasu fararen zaruruwa sun fito daga tafin sun shige cikin katako, sun zarce ƙasa. Ya sa wuƙa zai yanke, ta ƙwalla ƙara, jini ya fito.

Ta ce, "Bari, Maigida, bari! Jikina ne."

Matar da ba ta iya kwana da kwano mara wanki, ga ta zaune gansakuka tana cin ta, katantanwa tana hawa cinyarta tana barin sawun yauƙi. Tun tana kaɗe su har hannun ya yi nauyi. Ta dube shi ba tsaki ba mita, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

Ta ce, "Ina jin ƙyamar kaina. In na zama irin waɗancan na bayan Magajiya, don Allah ka sa mini wuta. Kada ka bar tsutsa ta shiga mini kunne ina kallo."

Nomau ya girgiza goransa. Abin da ya rage a ciki bai fi cikin tafin hannu ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya fita ba ya ko ganin gabansa, sai ga shi a gonar Iya Gundi. Abin mamaki, a nan yayyafi ne kawai ake yi, har da ɗan hasken rana a kan ganyen gwaza. Ya waiwaya ya hango nasa lambun, baƙin hadari ya yi masa rumfa shi kaɗai.

Ya ce, "Iya, me ya sa ruwan gonarki ya bambanta da nawa?"

Tsohuwar tana tsotsar katantanwa daga ƙoƙonta, ta ce, "Ai abin da ka ce a ba ka shi ake ba ka, ɗan nan. Ni in Makiyayin Hadari ya tambaye ni, sai in ce ƙaro kaɗan, ko in ce ya isa, tafi da ƙazaman dabbobinka. Mu duk mun ɗauka shukar taku ta tudu a cikin tafki take girma. Kai me kake ce masa?"

"Abin da kowa yake cewa mana. Ruwa ya yi gyara."

"To, ya yi gyaran?"

"Ina fa! Ya kashe ni."

Ta ajiye ƙoƙon ta dube shi sheƙeƙe. "To don me kake cewa ya yi?"

"Iya, gaisuwa ce. Haka ake cewa."

"Mu nan ba mu san maganar da ake faɗa don a faɗa kawai ba. Shi ma bai sani ba. Kuma ka ji in gaya maka, tun da aka kafa tsibirin nan babu wanda ya taɓa yaba masa sai kai. Yana bi gida-gida yana ba da labarinka. Mafi ƙibar gizagizansa yake ware maka, mu ya ba mu ramammu."

Nomau ya dafe kai. Ashe da bakinsa yake ta jiƙa matarsa.

Da gari ya waye ya tsaya a bakin fangali cikin caɓi har gwiwa. Makiyayin ya iso da fara'arsa, hanci na zuba, yana jaye da wani girgije mai cikin da har yana jan ƙasa.

"Abokina, dubi wanda na yi maka kiwo! Yaya ruwa?"

Nomau ya buɗe baki, amsar nan ta gado ta taho da kanta har bakin haƙori, da ƙyar ya danne ta. Ya ce bari ya bi a hankali.

"Ranka ya daɗe, ya yi gyara, sai dai ya isa haka."

Aljanin ya yi dariya, ruwa ya fantsamo daga bakinsa. "Kunya kake ji kada ka cinye mini garke. Abin da yake gyara ai ba ya isa. Karɓi!"

Ya ɗaga sanda. Daga can ƙofar ɗaki Nomau ya ji muryar Tsahara tana kiransa, muryar ta shaƙe, kamar mai magana da ganye a baki. Tun da aka haife shi bai taɓa jin wanda ya aibata ruwan sama ba. A garinsu ko yaro ya ce ruwa ya dame shi sai an buge masa baki. Ya ji kamar zai zagi mahaifiyarsa. Ya riƙe sandar aljanin da hannu biyu.

Ya ce, "Tsaya! Ruwa rahamar Allah ne, ba da shi nake ba. Amma kiwonka ya yi ɓarna. Ya ruɓar mini da iri, ya ruɓar mini da gida, yana ruɓar mini da mata. Ban ga gyaran da ya yi ba ko na rana ɗaya. Na gaji da shi, ƙyamarsa nake ji!"

Gizagizan suka yi tsit. Makiyayin ya sauke sanda a hankali.

"Ko na rana ɗaya?"

"Ko na rana ɗaya, ranka ya daɗe."

"To duk safiyar da na zo, ƙarya kake yi mini?"

"Ba ƙarya ba ce. Gaisuwa ce. A wurinmu haka ake amsawa, ko an ji daɗi ko ba a ji ba."

"Ya kai ɗan Adam, mutanen nan suna kora ta kamar kare, amma na san inda na tsaya da su. Kai ka sa na riƙa tashi da murna. Na hana wasu na ba ka. Ashe kallon mahaukaci kake yi mini."

"Wallahi ba haka ba ne..."

"Ka faɗi naka, saura nawa, kuma ni maganata ba gaisuwa ba ce. Daga yau ɗigon ruwan sama ba zai sake taɓa ka ba, kai da duk ƙasar da ka zauna a kanta. Ina da 'yan'uwa masu kiwo a gabas da yamma, kudu da arewa, zan aika musu da sunanka. Duk garin da ka sauka, garkensu zai kauce masa."

Ya kaɗa gizagizansa ya tafi, bai waiwayo ba. Nomau ya ji tausayinsa, amma bai kira shi ba.

Nan take sama ta buɗe a kan filin Nomau, rana ta faɗo. Caɓi ya kama tururi, wari ya tashi kamar an buɗe masai, tsutsotsi da kwaɗi suka yi ta tsere suna faɗawa gonakin maƙwabta. Da ƙasa ta sha iska, Nomau ya ja fangali ɗaya tak, ya yayyafa ragowar irin, ya karkaɗe goran har ƙasa. Ya kafa jigo a bakin rafi ya koma ban ruwa irin na gida, safe da yamma, daidai yadda albasa take so.

Gansakukar jikin Tsahara ta daina hawa a daidai wuya, amma saiwar ba ta sake ta ba. Bakinta ya ƙage, ido kawai take juyawa. Nomau ya raba kansa biyu, rabi a fangali yana korar tsuntsaye, rabi a wurinta yana cire mata katantanwa ɗaya bayan ɗaya yana jifa da su. Bai jira albasa ta yi kai ba. Ranar da lawashi ya kai tsawon yatsa ya tsinko, ya murje shi a tafin hannu, ya buɗe mata baki da ƙyar ya ɗura, shi ma ya tauna sauran.

Sai da ya fara fid da rai, sannan ta yi atishawa. Saiwoyin suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, gansakukar ta ɓanɓaro tana zubowa. Tsahara ta miƙe tana tangaɗi, ta dubi jikinta, ta dubi mijinta.

Ta ce, "Miƙo mini sabulu da soso."

Nomau ya zauna a ƙasa ya yi kuka har da majina.

Albasa ta yi kyau a wannan fili, ta yi kai manya-manya. Magajiya ta aiko aka ce ya cika sharaɗi. Mutanen tsibiri kuma suka gano cewa akwai wuri guda da rana ba ta ɓuya, sai ga su da jiƙaƙƙun tsummokara da ɗanyen kifi da gwazarma suna shanyawa a kan shingensa. In ya tafi rafi su bi shi, in ya zauna su kewaye shi da kayan shanya. Manomi guda ya koma igiyar shanya! Tsahara tana toshe hanci tana cewa su yi su gama, ita dai kwananta a nan ya kusa ƙarewa.

Rannan da hantsi sai ga Sarkin Fito ya ɓullo a bakin rafi.

Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, albishirinka. Ruwa ya dawo Tungar Gawo. Fadama ta cika, gero ya kai ƙugu, waɗanda suka gudu duk sun koma. Ku hau in mai da ku."

Tsahara ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce me, ta ɗaure kayanta ta fito, ta tattare zane za ta taka yauƙin nan ba ko yamutsa fuska. Ta juyo ta ga Nomau tsaye inda ta bar shi, ya ɗaga kai yana kallon sama. Ko'ina hadari ne baƙi ƙirin, ban da daidai kansa.

Ta ce, "Maigida, taho mana."

Ya ce, "Tsahara, gero ya kai ƙugu. In na sauka a garin nan, a ƙugun zai tsaya."

Ta ji abin da makiyayin ya faɗa ranar nan, tana kafe a ƙofar ɗaki, amma ta sa a ranta cewa faɗan fushi ne.

"Wataƙila ya huce."

"Ba ya faɗar abin da ba ya nufi. Ni ne mai yin haka." Ya share fuska da hannun riga. "Na rantse miki za ki koma gida, kuma za ki koma. Ki hau. Ki gaida mini kowa, ki ce ina nan lafiya."

Sarkin Fito ya ce, "Ku yanke shawara, 'yan Adam. Rijiyar da kuka shigo ta cikinta ta cika da ruwa, bakinta yana rufewa. Wannan ne zuwana na ƙarshe."

Tsahara ta dubi bayan kifin. Ta dubi tsibirin, da caɓinsa, da kifin da ake shanyawa a shingenta ƙudaje na bi, da Iya Gundi da take tahowa da wani ƙunshin ganye a hannu tana murmushi. Ta tofar da yawu.

Ta ce, "Allah wadaran wannan wuri. Na tsane shi, kuma har in mutu ba zan daina tsanarsa ba."

Ta janye ƙafarta daga ruwa. Kifin ya nutse, rafin ya rufe a kansa.

Ta wuce Nomau ba ta ko dube shi ba, ta dire ƙunshin kayanta a ƙofar ɗaki ta kwance. Ta zaro tsintsiya ta sunkuya ta fara share tsakar gidan, tana tsaki, hawaye na sauka a kan busasshiyar ƙasa.